Yadda Ake Gane Naƙaniƙ da Sujuƙ a Kasuwar Saudiyya, Tun Daga Asalin Sunansu Har Zuwa Yin Bandarsu a Gida

Duk Bahaushen da ya zauna a Makka ko Jidda ko Madina na ɗan lokaci ya san akwai wani nau'in nama da ba mu taso da shi a gida ba, amma ya cika tallajojin, wato firijin, baƙala (ƙananan shagunan unguwa) da na manyan kantuna, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna cinsa cikin burodin samuli a bufiya, wato ƙaramin shagon abinci, kafin su shiga makaranta. Niƙaƙƙen nama ne da aka cakuɗa da kitse da gishiri da kayan yaji, aka ɗura a cikin hanji ko wani abu mai kama da hanji, aka ɗaure shi gaɓa-gaɓa. Wani an rubuta masa naƙaniƙ a jikin leda, wani sujuƙ, wani maƙaniƙ, a kusa da su kuma ga martadila da basturma. Iyaye a unguwanninmu sun kasu gida biyu a kansa. Akwai waɗanda suka haramta wa gidajensu shi baki ɗaya saboda sun ji ana fassara shi da "tsiran alade", alhali kuwa bai yi kama da tsire ba kuma ba dole ne ya zama na alade ba, akwai kuma waɗanda ke ɗauka su jefa a kwando ba tare da sun juya ledar sun ga abin da aka rubuta a bayanta ba. A ganina kowane ɓangare ya yi gaggawa, domin wanda ya san inda waɗannan sunaye suka fito, ya kuma iya karanta bayan leda, zai yi wa iyalinsa zaɓi da ilimi.

Abu na farko shi ne mutum ya horar da kunnensa, saboda kalma ɗaya tana da furuci iri-iri gwargwadon bakin mai sayarwa. Harafin ƙaf ne ke kawo wannan. Mutumin Hijaz yana mayar da shi g, sai ka ji ya ce "naganig" ko "sujug". Bamisire da mutumin Labanan ko Sham kuwa suna haɗiye harafin, sai sujuƙ ya koma "sugu'" a bakin na farko, maƙaniƙ ya koma "ma'ani'" a bakin na biyu. Idan ka tsaya a malhama, wato shagon mahauta, ka ji waɗannan, ka sani ba sababbin kayayyaki ake kira maka ba.

Naƙaniƙ ita ce kalmar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce tun asali sunan wanda ake yi wa banda. Tushenta ba Larabci ba ne. A kudancin Italiya akwai wani yanki da a zamanin da ake kira Lukaniya, wanda mafi yawansa yau ya faɗa cikin lardin Basilikata, kuma mutanen wurin sun shahara da ɗura nama a hanji suna rataye shi a hayaƙi. Wani malamin harshe na Rumawa mai suna Varro, wanda ya rayu tsakanin shekara ta 116 zuwa ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa sojojin Rum a wurin mutanen Lukaniya suka koyo wannan abinci, shi ya sa suka kira shi lukanika, wato na Lukaniya. Littafin girkin Rumawa da ake jingina wa Apicius, wanda aka tattara a wajajen ƙarni na 4 zuwa na 5 Miladiyya, ya bayyana yadda ake yinsa dalla-dalla: a daka nama sosai, a zuba masoro da kamun da ganyaye masu ƙamshi da ruwan kifi mai gishiri, a ƙara kitse mai yawa da 'ya'yan sanaubar (ƙananan ƙwayoyin wani itace da ake ci kamar gyaɗa), a ɗura a siririn hanji, sa'an nan a rataye a hayaƙi. Rumawa masu cin alade ne, kuma babu amfanin ɓoye cewa da namansa suka fi yin lukanika. Wannan shi ne ɓangaren gaskiya a cikin fargabar iyayenmu.

Sai dai kalmar ba ta tsaya a Italiya ba. Ta bi daular Rum zuwa gabas, Girkawa suka ce lukaniko, kuma har yau haka suke kiransa, mutanen Bulgeriya suka ce lukanka, ta kuma shiga harsunan mutanen Sham, ta iso Larabci a matsayin laƙaniƙ. A ƙarni na 10 Miladiyya, lokacin Abbasiyawa, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara girke-girken fadar Bagadaza a cikin Kitabuɗ Ɗabikh, kuma laƙaniƙ yana ciki, ana yinsa da naman da Musulmi ke ci. Ke nan fiye da shekara dubu ke nan wannan suna yana yawo a madafan Musulmi. Daga baya harafin farko ya riƙa sauyawa, wasu suka ce naƙaniƙ, wasu maƙaniƙ, abin da ba zai ba Bahaushe mamaki ba tunda mu ma muna da masu cewa numfashi da masu cewa lumfashi. Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne cewa maƙaniƙ ɗin mutanen Labanan, ƙanana masu tsawon ɗan yatsa, har yanzu ana saka musu 'ya'yan sanaubar kamar yadda littafin Rumawa ya tsara.

Reshe na biyu na kalmar ya bi yamma. Mutanen Sifen suka ce longaniza, kuma da yake sun mulki tsibiran Filifin daga 1565 zuwa 1898, sai suka bar musu longganisa. Saboda haka idan ka shiga kantin da ke sayar da kayan 'yan Filifin a Jidda ka ga longganisa na kaza ko na shanu, to ɗan'uwan naƙaniƙ ne na jini, sun rabu a Italiya, ɗaya ya bi ta Bagadaza ɗaya ya bi ta Manila, suka sake haɗuwa a gaɓar Bahar Maliya. Mu Hausawa mun san irin wannan tafiya ta sunan nama, domin kakanninmu da suka zo aikin Hajji a ƙasa sun bar wa Sudan agashe, wanda kowa ke jin "a gashe" a cikinsa, sun kuma bar wa Makka abin da ake rubutawa السيريه, wanda tsirenmu ne da ƙulinsa da yajinsa.

Sujuƙ kuwa daga Turkawa ya zo. Mahmud al-Kashgari ya ambaci tsohuwar sigar kalmar a ƙamusunsa na harsunan Turkawa, Diwanu Lugatit Turk, wanda ya rubuta a shekarun 1070, kuma ba abin mamaki ba ne ta bazu a Masar da Sham da Hijaz, tunda waɗannan ƙasashe sun shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa daga 1516 da 1517. A Turkiyya, musamman a garuruwan Kayseri da Afyon, sujuƙ busasshe ne, na naman shanu, mai tafarnuwa da kamun da jan barkono, kuma iska ce ke busar da shi. A ƙasashen Balkan irin su Bosniya ana yi masa banda. A Iskandariyya ta Masar da kuma Sudan, abin da ake kira sujuƙ galibi ɗanye ne, wanda dole a soya ko a gasa shi a ranar ko a daskarar. Basturma ita ma kalmar Turkawa ce mai ma'anar abin da aka danne, amma ita ba a niƙa ta, tsokar nama ce sukutum da ake yi wa gishiri a matse a shafe da haɗin hulba da tafarnuwa da barkono. Martadila ta garin Bolonya ce a Italiya, kuma ta asali ta alade ce, wadda ake sayarwa a nan kuwa ta kaza ce ko shanu ko talotalo.

Wanda ya bi wannan bayani zai ga cewa sunan da ke gaban leda tarihi kawai yake ba da labari. Naƙaniƙ ya fara da hayaƙi amma yau akwai ɗanyensa, sujuƙ a Turkiyya busasshe ne amma akwai jiƙaƙƙensa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke faɗa maka dabbar da aka yanka. Don haka aikin gaskiya a bayan leda yake.

Dokar ƙasar nan ta hana shigo da naman alade da sayar da shi, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ce ke sa ido a kan abin da ke shiga kasuwa, tare da wajabta a rubuta bayanin kaya da Larabci. Wannan ya sauƙaƙa mana rabin aiki. Ka ɗauki ledar, ka juya, ka nemi kalmar المكونات, wato abubuwan da aka haɗa. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka abin da ya zo farko shi ne ainihin abin da kake saye. Idan ka ga بقري naman shanu ne, دجاج kaza, غنم tumaki, ديك رومي ko حبش talotalo. Idan aka rubuta cewa an raba naman da ƙashi ميكانيكياً, ma'anarsa inji ne ya tatse ragowar naman da ya maƙale a ƙashi bayan an cire tsoka, ya fito kamar ƙullu. Halal ne, amma shi ne mafi ƙarancin daraja, kuma shi ne sirrin arhar dogayen naƙaniƙ masu santsi da yara ke so. Idan ruwa da نشا, wato sitaci, da فول الصويا, wato waken suya, suka biyo bayan nama kai tsaye, to kaso mai yawa na kuɗinka ba nama ka saya da shi ba.

Batun banda yana buƙatar a kula da kalmomi biyu masu kama da juna. مدخن yana nufin an yi masa banda. نكهة الدخان kuwa yana nufin ɗanɗanon hayaƙi aka zuba masa, wanda ake samu ta hanyar ƙona itace a tara hayaƙin ya zama ruwa. Ba yaudara ba ce matuƙar an rubuta, amma ba daidai ba ne a biya kuɗin na farko a kan na biyu. Sa'an nan ko da an rubuta an yi banda, wannan bai tabbatar da ya dahu ba, domin banda iri biyu ce. Akwai mai zafi, wadda hayaƙi da wuta ke dafa naman har cikinsa, akwai kuma mai sanyi, wadda ake yi ƙasa da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, hayaƙi ya shiga amma naman yana nan ɗanye. Ka nemi مطبوخ, wato dafaffe, ko جاهز للأكل, wato an shirya shi don ci. In ba ka ga ɗaya daga cikinsu ba, ka ɗauke shi a matsayin ɗanyen nama.

Za ka kuma yawan ganin نتريت الصوديوم, wato sinadarin sodiyam naitarait, ko lambarsa E250. Wannan sinadari shi ke ba naman launin ja mai haske, kuma yana da dalili mai ƙarfi. Tsakanin 1817 da 1822 wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya yi rubutu a kan mutanen yankin Württemberg da ke shanyewa har su mutu bayan cin irin wannan nama da ba a yi wa banda da kyau ba, kuma daga kalmar Latin botulus, wadda ke nufin naman da aka ɗura a hanji, aka samo sunan cutar da likitoci ke kira botulizim. Ƙwayar cutar tana son wurin da babu iska, irin cikin ɗaurarren hanji, kuma wannan sinadari yana hana ta tsiro. Amma a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar babban hanji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Giram 50 kuwa bai wuce dogon naƙaniƙ guda ɗaya ba. Ina roƙon iyaye mata da su dubi wannan da idon basira, domin yaron da ake ba shi kowace safiya a matsayin fatur, wato karin kumallo, ya kai wannan adadi ba tare da kowa ya lura ba, ga kuma gishiri mai yawa a garin da hawan jini ya riga ya addabi manyanmu. A mayar da shi abin marmari na lokaci-lokaci, a koma ga ful da tamis, wato wake da gurasa, da ƙwai a sauran ranaku.

Kafin ka sa a kwando, ka duba تاريخ الانتهاء, wato ranar ƙarewar wa'adinsa, ka kuma taɓa ledar. Wadda ta kumbura, ko wadda ruwa mai kauri da yauƙi ya taru a cikinta, ko daskararriyar da ƙanƙara ta yi mata dunƙule a gefe ɗaya alamar ta narke an sake daskarar da ita, duk a bar su. A lokacin zafi, in Makka ta haura digiri 40, kada nama ya zauna a bayan mota ana zagayen sayayya.

Akwai gargaɗi ɗaya ga masu tafiya. Kwanciyar hankalin da muka saba da ita a nan ba ta ƙetare iyaka tare da mu. A wasu ƙasashen Larabawa ma manyan kantuna suna da sashe na musamman na waɗanda ba Musulmi ba, a Turai da Amurka kuma ana iya ɗura naman shanu a cikin hanjin alade, a rubuta shanu da manyan haruffa a gaba. A Labanan wasu mahauta suna jiƙa maƙaniƙ da giya. A irin waɗannan wurare sai an tambayi nama, an tambayi yanka, an kuma tambayi hanjin.

Wanda yake son ya huta da duk wannan bincike yana iya yin nasa, kuma lokacin Layya ya fi dacewa, tunda ga nama ga hanji, wanda sau da yawa zubar da shi ake yi. Ƙaramin hanjin rago shi ne ake so. A matse abin da ke ciki, a zura masa ruwan famfo ya bi ta ciki har ya fito fes, sa'an nan a shimfiɗa shi a kan katako a kankare da bayan cokali a hankali, har sai duk yauƙin ya fita, ya rage wata fata siririya fara wadda kana iya hango yatsanka ta cikinta. A jiƙa shi a ruwan gishiri da ɗan lemun tsami, a ajiye a tallaja. Wanda ba ya son wannan wahala yana iya tambaya a malhama, wasu suna sayar da wankakke mai gishiri, sai a jiƙa shi a ruwa kafin aiki.

Ga kowane kilo ɗaya na haɗi, a sami giram 800 na tsoka da giram 200 na kitse, domin in kitse ya yi kaɗan naman zai fito a bushe yana marmashewa. Gishiri giram 15 zuwa 18 ya wadatar. Kayan yaji kuwa babu dalilin da zai sa mu tsaya ga na Turkawa kaɗai: tafarnuwa da kamun da kuzbara da jan barkono suna ba da ɗanɗanon sujuƙ, amma citta da kanumfari da masoro da ɗan kimba suna kawo shi kusa da harshenmu, kuma ni na fi son haka. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne nama da kitse su kasance da sanyi sosai lokacin niƙa da lokacin cuɗawa. A cuɗa da hannu har sai haɗin ya fara danƙo yana kama tafin hannu, a ɗebi kaɗan a soya a ɗanɗana, domin bayan an ɗura babu gyara.

A saka bakin hanjin a mazurari, a tattare shi duka a jikin bututun, a ƙulle ƙarshensa, a riƙa tura nama da babban yatsa. Kada a cika shi tam, saboda hanjin rago yana saurin fashewa. A murɗa shi gaɓa-gaɓa, wannan gaɓa a juya dama, mai bi mata a juya hagu don kada su warware, duk inda aka ga kumfar iska a soke da allura. Daga nan a jera su a faranti ba rufi a kwana a tallaja, domin hayaƙi ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata.

A gida banda mai zafi kaɗai nake ba da shawara. Mutanen Kayseri suna rataye nasu ne a sanyin kaka na tsaunukan Anadolu, kuma wanda ya kwaikwaye su ya rataye ɗanyen nama a zafin Hijaz ba tare da sinadarin kariya ba yana wasa da rayukan iyalinsa. Haka kuma kada a kunna gawayi a cikin shugga, wato cikin gida, ko da taga a buɗe, domin iskar gawayi tana kisa ba tare da wari ba. A hau soro ko a fita istiraha, wato gidan shaƙatawa mai fili. A tara garwashi a gefe ɗaya na mangal, wato murhun gasa nama, mai murfi, a jera naman a ɗaya gefen inda wuta ba ta taɓa shi, a ɗora ƙananan guntayen busasshen itace a kan garwashin, irin su samur ko itacen lemu ko na zaitun. Katakon gini da wanda aka yi wa fenti da duk itace mai ƙaro ba su dace ba. Hayaƙin da ake nema siriri ne mai ɗan shuɗi, idan ya yi fari ya turnuƙe to naman zai yi ɗaci, sai a buɗe wa wutar iska. Zafin cikin mangal ya tsaya tsakanin digiri 90 zuwa 110, a juya su sau ɗaya ko biyu, kuma siraran na hanjin rago kan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Launi ba shaida ba ne, domin hayaƙi yana rina waje tun ciki bai dahu ba. A soka ma'aunin zafi na nama a tsakiyar mafi kauri: na shanu ko rago sai ya kai digiri 71, na kaza digiri 74.

In an sauke, a bar su su huce na ɗan lokaci, amma kada su wuce awa ɗaya a waje in ana zafi. Da yake babu sinadarin adanawa a cikinsu, kwana 3 zuwa 4 kawai za su yi a tallaja, sauran a rarraba su a ƙananan ledoji gwargwadon cin rana ɗaya a daskarar, inda za su kai wata 2 ba tare da ɗanɗanonsu ya canza ba. Ranar da za a ci, a sauko da leda ɗaya ƙasan tallaja tun dare, da safe a yayyanka a zuba a busasshiyar tukunyar suya a kan wuta kaɗan, domin kitsen da ke ciki zai narke ya fito ja da yaji, kuma a cikinsa ake soya albasa da tumatir kafin a fasa ƙwai a kai.